Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Rumbun Ma'adinai na Ƙasa da Lissafin da Aka Tsallake

Ranar 16 ga Disamba, 2020, gwamnatin tarayya ta ba da umarnin buɗe iyakoki huɗu: Seme, Illela, Mfum da Maigatari. A lokacin iyakokin sun shafe wata 16 a rufe. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake garƙame ta Maigatari har zuwa Maris 2024. Daga Agustan 2019 zuwa Maris 2024 wata 55 ke nan, kuma cikin kimanin 23 daga ciki ƙofar a rufe take a hukumance. Wato a kowane kwana biyar, biyu sun wuce ba tare da halattacciyar hanyar fita ko shiga ba.

Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Alhamis a Maigatari ya san abin da wannan adadi ke nufi, ko da bai taɓa rubuta shi ba. Mai sayen riɗi ko zoɓo yana auna buhu nawa zai bari a sito, kwana nawa jarinsa zai iya kwanciya, da kuma abin da zai faru idan hanya ta toshe kayan na hannunsa. Manomin Sule Tankarkar ko Gagarawa ma haka yake yi da rumbunsa: yana ƙirga bakunan gida da watannin da suka rage kafin sabon gero, ya ware iri, ya cire rabon gara da ɓera, sannan ya san dami nawa zai kai kasuwa.

Abin takaici shi ne wannan tunani, da talaka ke yi a kan dami hamsin, shi ne ya yi ƙaranci a muhawarar da ake yi game da ma'adinan ƙasa. Tun da litiyam ya zama abin magana, kuma Babban Bankin Najeriya ya fara karɓar zinarin da aka haƙo a gida, ake ta jin ra'ayin cewa kamata ya yi gwamnati ta riƙa saye tana tarawa har ranar da duniya za ta zo tana roƙo. Ra'ayi ne mai daɗin ji, kuma mai hatsari. Rumbun ƙasa da ba shi da rubutaccen lissafi, mai faɗin nawa za a tara, don wane dalili, da ranar da za a buɗe, caca ce da dukiyar jama'a. Arewacin Najeriya ya taɓa ɗanɗana kuɗar irin wannan caca har sau biyu.

Rumbu uku, suna ɗaya

Ruɗanin yana farawa ne daga kalma. Abubuwa uku ake kira tanadin ƙasa, alhali kowanne da lissafinsa.

Na farko rumbun tsaro ne. Ƙasar da masana'antunta ko sojinta ke buƙatar wani ƙarfe da ba ta da shi takan ajiye abin da zai ishe ta idan hanya ta yanke. Amurka ta kafa dokar irin wannan tanadi a 1939. Japan ta fara nata a 1983, da burin ajiye abin da zai ishe ta kwana 60 na wasu ƙarafa bakwai, ciki har da nikel da kobal. Da Sin ta taƙaita fitar da galiyam da jamaniyam a Agustan 2023, ƙasashe da dama sun sake duba nasu rumbunan.

Na biyu rumbun farashi ne. Masu sayarwa su haɗa kai, su riƙa saye idan farashi ya faɗi, su saki idan ya hau. Na uku kuwa taskar kuɗi ce, irin zinarin da manyan bankunan ƙasashe ke ajiyewa a matsayin dukiya.

Na farko na mai saye ne, na biyu na mai sayarwa, na uku na ma'aji. Najeriya ba ta da masana'antar batir da za ta tsaya don rashin litiyam, saboda haka tara shi ba zai zama rumbun tsaro ba, komai sunan da aka raɗa masa. Rumbun farashi ne, kuma shi ne mafi munin tarihi a cikin ukun.

Abin da lissafin ke tambaya

Samfurin lissafi ba duba ba ne. Hanya ce ta rubuta tunanin mai rumbu a cikin lambobi, yadda wani zai iya bincika shi ya gano inda aka yi kure. Ilimin ba sabo ba ne. A 1951 Kenneth Arrow da abokan aikinsa biyu suka fitar da ƙa'idar ajiyar kaya idan ba a san yawan buƙatar gobe ba. Richard Bellman ya samar da dabarar warware shawarar da ake yankewa daki-daki, kowace tana shafar mai bi mata. A 1958 Robert Gustafson ya yi amfani da irin wannan dabara wajen lissafa hatsin da ya kamata ƙasa ta tsallake da shi daga wannan kaka zuwa waccan.

Tambayoyin da samfurin ke yi ba su da yawa. Tan nawa ƙasa ke ci a wata? Sau nawa hanya ke yankewa, kuma kwana nawa takan yi? Nawa ne asarar rashin tan ɗaya a ranar ƙunci? Nawa ne kuɗin riƙe tan ɗaya na shekara, idan aka haɗa kuɗin ruwa da gadi da inshora da lalacewa?

A ɗauki misali na ƙirƙira don a ga yadda abin ke aiki. A ce riƙe ƙarfe na naira 100 yana cin naira 12 a shekara, kuma rashinsa a ranar da masana'anta ke buƙata yana jawo asarar naira 60. Ƙa'idar ta ce a ci gaba da ƙara tan a rumbu matuƙar yiwuwar a buƙace shi a shekarar ta wuce 12 cikin 60, wato ɗaya cikin biyar. Tan na farko kusan tabbas za a buƙace shi idan rikici ya zo. Na dubu goma ba za a taɓa shi ba sai rikicin ya yi tsawo sosai. Akwai wurin da ƙarin tan ɗaya ke zama hasara, kuma aikin samfurin shi ne ya nuna wurin. Da yake ba wanda ya san gobe, sai a sa kwamfuta ta kwaikwayi shekaru dubbai, a wasu hanya ta rufe wata biyu, a wasu wata 16, a wasu farashi ya rushe, sannan a duba wane girman rumbu ne ya fi tsira a yawancinsu.

A nan adadin Maigatari ke da amfani. Wanda ya kwafo kwana 60 na Japan ya liƙa wa hanyar da ta taɓa yin wata 16 a rufe ya yi aron rigar da ba ta kai masa gwiwa ba. Kowace hanya da tarihinta, kuma tarihin ne abincin samfurin.

Ga mai tarawa don jiran farashi, lissafin ya fi tsanani. Harold Hotelling ya nuna tun 1931 cewa riƙe ma'adini yana da riba ne kawai idan darajarsa na hawa da sauri fiye da kuɗin ruwa. A Disambar 2024 Najeriya ta ciwo bashin dala biliyan 2.2 a kasuwar duniya a kan ruwa na kusan 10 cikin 100. A kan wannan ruwa, dole farashin abin da aka tara ya ninka cikin shekara bakwai kafin a ce an mayar da uwar kuɗi da ruwanta, ba a ma zo kan kuɗin gadi ba.

Jos ta riga ta biya kuɗin makaranta

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai, a kudancin Kano, suke narka kuza suna sayarwa. Da mulkin mallaka ya zo, tsaunukan Jos suka zama ɗaya daga manyan wuraren haƙar kuza na duniya, kuma dubban leburori daga ƙasar Hausa suka kwarara can. Bayan da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta shiga ƙuncin kuza, sai ta ɗebi mutane daga lardunan Arewa ta kai su aikin tilas a ramukan Filato har zuwa 1944. Gibin da aka samu a rumbun Landan, da jikin talakan Arewa aka cike shi.

Darasi na farko ya zo da kolumbait, baƙin yashin da ake samu tare da kuza, wanda a da ake zubarwa. A farkon shekarun 1950 Amurka ta buƙaci ƙarfen da ke cikinsa don injinan jiragen yaƙi, ta shiga saye don cika rumbunta a kan kusan ninkin farashin kasuwa. Najeriya ce ke samar da mafi yawansa a duniya. Aka koma kan tsofaffin juji ana tonowa, kuɗi suka shigo. Da rumbun Amurka ya cika, ta daina saye, kafin ƙarshen shekarun 1950 kasuwar ta faɗi. Daga baya Brazil ta buɗe ma'adanarta ta Araxá, kuma yau ita ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarfe. Buƙatar da aka ɗauka ta dindindin ashe buƙatar mai cika rumbu ce, wadda ke ƙarewa ranar da rumbun ya cika.

Darasi na biyu ya fi ciwo. Najeriya ta kasance mamba a Majalisar Kuza ta Duniya, wadda yarjejeniyarta ta farko ta fara aiki a 1956. Majalisar tana da rumbu da manaja, kuma aikinsa shi ne ya saye kuza idan farashi ya kusa ƙasan da aka yanka. Abin ya yi aiki shekaru da dama, har ya zama sanadin mutuwar kansa. Tsadar da aka riƙe da ƙarfi ta sa Brazil, wadda ba mamba ba ce, ta ƙara haƙa, ta kuma sa masu yin gwangwani suka koma ga alminiyam. Manajan ya ci gaba da saye da kuɗin bashi. Ranar 24 ga Oktoba, 1985, ya sanar cewa kuɗi sun ƙare. Kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, ba ta dawo da shi ba sai 1989. Bashin da majalisar ta bari ya kai kimanin fam miliyan 900, kuma farashin da ya haura fam 8,000 a kan tan ya faɗo ƙasa da 4,000. Harkar kuza a Jos ta riga ta fara rauni tun shekarun 1970, wannan ne ya ƙarasa ta. Kududdufan da aka bari a Filato suna nan har yau.

Shekara biyu kafin rushewar, a 1983, masanin tattalin arziki Stephen Salant ya nuna da lissafi cewa duk rumbun da ya yi alkawarin kare wani farashi da iyakantaccen jari yana gayyatar 'yan kasuwa su yi masa rubdugu. Gargaɗin yana rubuce, aka ƙi karantawa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe

Yanzu a dubi litiyam. A watan Nuwamban 2022 tan ɗaya na gishirin litiyam da ake yin batir da shi ya kai kusan yuwan 600,000 a kasuwar Sin. A farkon 2024 ya faɗo ƙasa da 100,000. Da gwamnati ta bi shawarar masu cewa a tara a lokacin da ake tsananin zumuɗi, da fiye da kashi 80 cikin 100 na darajar kayan sun narke cikin wata 14, ga ruwan bashi yana hawa. Matatar litiyam da aka buɗe a Jihar Nasarawa a watan Mayun 2024 mataki ne na daban, domin sarrafa dutse a gida yana ƙara masa daraja ya kuma samar da aiki. Jibge shi a sito ba ya yin ko ɗaya.

Maƙwabciya Nijar ta nuna wani nau'in rumbun, wanda ba a shirya ba. A da, yuraniyam ɗin Arlit ta tashar Kwatano yake fita. Da iyakar Nijar da Benin ta rufe bayan juyin mulkin 2023, kimanin tan dubu na garin yuraniyam ya taru ba hanyar fita, har kamfanin Orano na Faransa ya sanar da dakatar da aiki a Oktoban 2024. A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin SOMAÏR mallakarta. Ko me mutum zai ce game da haƙƙin Nijar a kan arzikinta, kuma haƙƙin nata ne, kayan da ba su da hanya da mai saye jari ne kwance, albashin ma'aikata kuwa ba ya jira.

Abin da ɗaya ɓangaren zai ce

Za a kawo Indonesiya, wadda ta hana fitar da ɗanyen nikel a Janairun 2020 ta tilasta aka gina matatu a ƙasarta. Za a kawo Kwango, wadda ta dakatar da fitar da kobal a Fabrairun 2025 farashi ya tashi. Gaskiya ne. Sai dai Indonesiya na haƙo fiye da rabin nikel ɗin duniya, Kwango kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kobal. Idan suka rufe ƙofa kasuwa na girgiza. A litiyam, Ostireliya da Chile da Sin ne manya. Idan Najeriya ta riƙe nata, mai saye zai juya wani wuri ba tare da ya ji a jikinsa ba. Girman kason ƙasa a kasuwa lamba ce da ake sa wa a samfuri, kuma ita ke raba Jakarta da Abuja.

Za a kuma ce lissafin Bature bai san Najeriya ba, kuma samfura sukan yi kuskure. Sukan yi. Amma wanda ya ƙi samfuri ma yana da nasa a ka, wanda ba wanda zai iya bincikawa. Kuskuren da aka rubuta ana iya gano shi a gyara. Wanda ke cikin ƙirjin minista sai bayan asara ake saninsa.

Zinari ne hujjarsu mafi ƙarfi. A watan Yulin 2020 aka gabatar wa Shugaba Buhari zinari mai kilo 12.5 da Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268, a Yunin 2024 kuma Ministan Ma'adinai Dele Alake ya miƙa wa Shugaba Tinubu wani rukunin. Wannan yana da ma'ana, domin ana saye da naira a samu kadarar da duniya ke karɓa. Duk da haka tambayoyin lissafi na nan. Wane kaso na taskar ƙasa ya kamata ya zama zinari? Wane farashi za a ba mai haƙa? Idan bai kai abin da mai fasa-ƙwauri ke biya ba, zinarin zai bi ta daji ya tsallake iyaka. Idan ya wuce, gwamnati ta zama mai tallafa wa ramukan da ba a san masu su ba, a yankin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010.

Wa ke riƙe da mabuɗi

Akwai lamba ɗaya da ba ta cikin littattafan Arrow da Bellman, kuma a Najeriya ita ce babba: yiwuwar mai gadi ya buɗe rumbun da kansa. Asusun rarar kuɗin ɗanyen mai da aka buɗe a 2004 ya kai kimanin dala biliyan 20 a 2008. A 2022 abin da ya rage bai kai dala miliyan ɗaya ba. An san ƙa'idar zubawa, ba a ɗaure ta ɗiba ba. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa ɗakunan ajiyar kayan tallafin korona a jihohi da dama suka tarar da abinci jibge, alhali ana fama da yunwa. Can an ɗiba ba ƙa'ida, nan an riƙe ba ƙa'ida. Tsakanin tanadi da ɓoye kaya, wanda addini da al'ada suka yi tir da shi, bambancin shi ne sanin ranar buɗewa da wanda za a buɗe wa.

Idan har Najeriya na buƙatar rumbun tsaro, na abin da take shigowa da shi ne. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tare fotash ɗin da ake haɗa taki da shi, sai da aka yi gaggawar nemo shi daga Kanada. Tagullar da ake naɗa taransifoma da ita ma daga waje take zuwa. Waɗannan ne kayan da rashinsu ke tsayar da gona ko jefa gari cikin duhu, kuma a kansu ya kamata a fara lissafin.

A koma Maigatari

Yankin ciniki maras haraji na Maigatari, da aka kafa a farkon shekarun 2000 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ya daɗe bai kai inda aka yi masa buri ba. Amma yana da abin da ofisoshin Abuja ba su da shi: yana bakin iyaka, layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa kusa da shi, kuma mutanen masarautar Gumel sun san yadda kaya ke tafiya idan ƙofa na buɗe da yadda suke bi idan ta rufe. Samfuri ba ya aiki sai da ƙidaya, ƙidaya kuma a irin wannan wuri ake yin ta.

Saboda haka, kafin a aza tubali ɗaya na rumbun ma'adinai, abubuwa huɗu ne wajibi. A sa sikelin auna manyan motoci da ɗakin gwajin ma'adini a Maigatari da Illela da Jibiya, a riƙa buga abin da ya shiga da wanda ya fita kowane wata, har da tsofaffin ƙarafan da doka ta hana fitarwa. Majalisa ta yi dokar da za ta raba rumbun tsaro da taskar kuɗi, ta haramta cin bashi don kare farashin kowane ƙarfe. A ba masana lissafi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa aikin gina samfurin, a buga shi a fili yadda kowa zai iya ƙalubalantarsa. Sannan hukumar NEITI, mai bin diddigin harkar ma'adinai, ta riƙa shiga tana ƙirga abin da ke cikin rumbun da idonta kowace shekara.

Duk wannan bai kai kuɗin gina sito guda na zamani ba. Abin da ya sa ba a so shi ne, sito ana ba da kwangilarsa a yanka masa ƙyalle, lissafi kuwa ɗaure hannu yake yi. Manomin Gagarawa da ya yi kuskure a ƙidayar daminsa, shi da iyalinsa ne za su ji a watan Agusta. Jami'in da ya yi kuskure a rumbun ƙasa yakan bar ofis kafin asarar ta fito, manomin ne kuma zai biya ta. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a nemi ganin lissafin tun kafin a ga ginin.